Inda Ka Tsaya

Shafi na 17

Masu cewa shafin jiya ya yi gajarta, ƙorafinku ya iso har ya ishe ni. Ga na yau nan, na ja shi. Duk wadda ta tsaya a tsakiya ta dawo tana tambayata yadda aka ƙare, ba zan amsa ba. Sababbin shigowa kuma, ga inda muke: Yaya da ƙanwarta Auta ofis ɗaya suke, suna rubutu a wani shafin intanet mai ba magidanta shawara. Yau Edita zai faɗi wadda za ta riƙe Zancen Mako, babban rubutun da ke saman shafin, wanda ya daɗe a hannun Yaya.

*

Tun da Yaya ta shigo ɗakin taro idonta ke kan allon bango. Ba ta kalli Auta ba. Ba sai ta kalla ba, ta san tana can gefen taga da 'yar gorar ruwanta, tana murmushin nan nata da ke sa kowa ya ɗauka shi kaɗai aka yi wa.

Ita fa ta kawo yarinyar nan ofishin. Ita ta roƙi Edita ya gwada ta. Kafin zuwanta Malama kowa yake ce mata, har mai gadi. Yanzu kuwa? Yayar Auta. Yarinyar da ta goya a bayanta ta zo ta mayar da ita 'yar rakiya.

Duk kuma a kan wani ma'auni da Edita ya dasa musu a kwamfuta. Ka zuba rubutunka, ya ƙirga kalmomi, ya auna tsawon kowace jimla, sai ya kunna maka fitila. Kore, zai karantu a waya. Rawaya, a rage. Ja, a sake. Auta kullum kore, sai ka ce ita ta ƙera abin. Yaya kuwa ja ta bi ta ta manne mata.

Shi ya sa ranar Alhamis da yamma, da kowa ya tashi, ta buɗe rubutun Auta na yadda ake adana magani a gidan da ke da yara, ta cusa masa sakin layi guda na kanta kafin ta ɗora. Ɗora rubutu a shafi aikinta ne, ba mai bin bayanta. Jimla ɗaya ce tal, amma doguwa kamar igiyar shanya. So take fitilar Auta ta yi ja ko da sau ɗaya ne. A faɗi gaskiya kuma, duk iyawarta ta zuba a jimlar nan, don can ƙasan ranta tana fatan wani ya ce nan ne rubutun ya fi daɗi.

Edita ya gyara gilashi ya kunna allo.

"Wannan layin da kuke gani, masu karatu ne. Muddin yana tafiya a miƙe, mutane na karantawa. Inda ya faɗi, nan suka rufe suka kama gabansu. Ga na Auta na makon nan."

Layin ya taho a miƙe gwanin sha'awa, ya wuce rabin rubutun. Sai ya rufta ƙasa kamar an hankaɗo shi daga bene.

Mai Hoto, wanda ba a taɓa taro bai saka baki ba, ya dafe kai.

"Kai! Gobara aka yi a nan?"

"Bari ka ji gobarar." Edita ya matsa kusa da allo ya fara karantowa. "Haƙiƙa, idan muka yi duba na tsanaki ga irin nauyin da ya rataya a wuyan iyaye, musamman a wannan zamani da al'amura suka cakuɗe, wanda kuma babu mai hankalin da zai musanta cewa..."

Ya tsaya ya ja numfashi.

"Ban fa kai rabi ba. Kalma tamanin da ɗoriya, babu aya ko ɗaya."

"Wannan ai sai an riƙe guzuri," in ji Mai Hoto.

Aka kwashe da dariya. Yaya ta yi yaƙe ita ma, amma kowace dariya a ƙirjinta take sauka. Jimlar da ta fi alfahari da ita ke nan ake wasan kura da ita. Ba fitila ce ta ƙi ta ba wannan karon. Mutane ne, ɗaruruwa, kowa da wayarsa, suka iso daidai muryarta suka juya.

Edita ya waiwayo.

"Auta, wannan hannunki ne?"

Yaya ta ƙura wa teburi ido. Kalma ɗaya ta rage tsakaninta da tonon asiri.

Auta ta daɗe tana kallon allon. Ko sau ɗaya ba ta dubi yayarta ba.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ke?"

"Wani salo na so in gwada. Bai karɓe ni ba."

Edita ya cire gilashin ya ajiye. Da gani bai ji daɗi ba.

"Ke na yi niyyar ba Zancen Mako, ba zan ɓoye ba. Amma wadda za ta yi gwaji a kan masu karatu ba ta sanar da ni ba, da sauranta. Yayar Auta, ki ci gaba da riƙewa. Bayan azahar zan kira ki mu daidaita na wannan makon."

Mai Hoto ya tafa. Wasu suka ce barka.

Ta samu abin da take so. Amma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba. Wato ko a kirki ma sai yarinyar nan ta fi ta?

*

A ɗan ɗakin da suke dafa shayi ta ritsa ta. Auta na tsaye gaban butar lantarki tana jiran ruwa ya tafasa.

"Rufe ƙofar."

Auta ta rufe.

"Wa ya sa ki?"

"Wa ya sa ni me, Yaya?"

"Kar ki raina min hankali. Wa ya ce ki rufa min asiri? Roƙonki na yi?"

"To so kike in ce ke ce? A gaban Mai Hoto, da bakinsa ko ruwa ba ya riƙewa?"

"Da ya fi min! Yanzu kin tashi da biyu, ga iya rubutu ga halin kirki. Ni kuma ga ni nan, muguwar yaya."

"Ni ban ce ba."

"Ba sai kin ce ba. Ke ai komai naki a taƙaice yake, har zagi."

Idon Auta ya kawo ruwa, ta mayar.

"Yaya, tun ranar Juma'a na sani. Na yi kukana na gama. Shafin nan bai kai ya raba ni da ke ba, ki riƙe abinki."

"Ji min daɗin baki. Tun Juma'a? Ke da ba kya komawa ki duba abin da aka ɗora? Wa ya gaya miki?"

"Ai shi ne ya kira ni ya ce..."

Ta kama bakinta.

"Shi wa?"

Butar ta tafasa ta kashe kanta, ba wadda ta taɓa ta.

"Auta, ina tambayarki. Shi wa?"

"Abban yara."

Yaya ta dafa bango.

"Mijina?"

"Don Allah ki tsaya ki ji."

"Ina ji. Yau kam ina da lokaci, ki ja ta yadda kike so."

Auta ta juya kofin da ke hannunta.

"Tun watan da na fara aiki ne. Fitilar nan ba ta gamsar da ni ba. Sai ta ba ni kore a kan rubutun da ni kaina ba zan iya ƙarasawa ba. Ita ƙirga kawai ta sani, ba ta da wani aiki da ke jiranta. Sai na ce bari in nemi mutumin da ke da abin yi a gabansa. Ina tura masa kafin in miƙa, yana karantawa a shago."

"Sai me?"

"Ai kin san shago, dole mai saye ya shigo ya katse shi. In mai saye ya tafi ya koma ya ɗauki wayar ya ƙarasa, rubutu ya yi. In bai koma ba, sai ya faɗa min inda ya tsaya, in gyara daga nan. Iyakar ma'aunin ke nan, Yaya. Wallahi babu wani abu bayan wannan."

Ba sai ta rantse ba. Yaya ta san mijinta, ta san ƙanwarta, zuciyarta ko kusa ba ta kai can ba. Da ma can ɗin ne, da ta san irin faɗan da za ta yi. Wannan kuwa ba ta ma san sunansa ba, ita dai ta ji yana cin ta.

"Kuma a cikinku ba wanda ya ga ya dace in sani."

"Shi ya ce kar a faɗa miki. Ya ce ya taɓa nuna miki inda ya tsaya."

Maganar ta daki Yaya. Ta tuna. Shekarar da ta fara aikin nan ne, ta kai masa rubutunta na farko tana rawar jiki. Ya karanta, ya ɗora yatsa a tsakiya ya ce, shi dai nan ya tsaya. Ta fizge wayar. Mako guda ta yi ba ta ce masa komai sai gaisuwa. Tun daga ranar, duk abin da ta tura masa amsa ɗaya ce: ya yi kyau. Ita kuma ta riƙe wannan amsa tana taƙama da ita a ofis, tana cewa maigidanta bai taɓa tsallake Zancen Mako ba.

"Ranar Juma'ar me ya ce?"

"Yaya, ki bar shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce wanda ya karanta ba haka yake ba. Ya ce an ƙara wani abu a tsakiya, kuma wannan dogon numfashin na Yayarki ne."

"A nan ya tsaya shi ma?"

Auta ta sunkuyar da kai. Amsar ke nan.

Ya kamata Yaya ta bar zancen a nan. Amma mai kishi ba ya ganin ciwo ya ƙyale, sai ya sa yatsa ya danna.

"Naki fa? Yana komawa?"

"Wani lokaci."

"Auta."

"Yawanci."

"Na adana maganin fa, kafin in taɓa shi?"

Muryar Auta ta yi ƙasa sosai.

"Wannan bai ma ajiye ba. Ya ce sai da ya sa mai saye ya jira."

Mai saye ya jira! Mutumin da in ta kira shi yana tare da mai neman ƙusa, sai ya ce bari in kira ki, ya kashe. Mutumin da abinci ke hucewa a gabansa saboda mai tambayar farashin fenti da ba saye zai yi ba. Shi ne ya tsayar da ciniki a kan rubutun Auta.

Yaya ta yi wata dariya da ba ta da alaƙa da nishaɗi.

"To madalla. Na gode da sadakar da kika ba ni a ɗakin taro, amma ni ba na cin sadaka. Zancen Makon nan na gama shi tun jiya, yana cikin wayata. Yanzu zan kai masa."

"Yaya, don Allah..."

"Da ma'auninki za a auna ni, ba da fitila ba. In mai saye ya tafi ya koma ya ƙarasa, shafin nawa ne da gumina, kar in ƙara jin wani ya ce rufa min aka yi. In bai koma ba, ni da bakina zan faɗa wa Edita wadda ta rubuta jimlar nan."

"Zai iya sallamarki fa!"

"Ya sallama."

"Ni ban nemi wannan ba."

"Na sani. Ke ai ba kya nema, zuwa yake yi ya same ki."

Ta buɗe ƙofa ta fita, ta bar Auta da kofin da ba a zuba wa komai ba.

*

Shagon kayan gini ne, ƙofa biyu, buhunan siminti a jibge gefe guda, gwangwanayen fenti har rufi, bututun famfo a jingine a lungu. Maigidan na bayan kantar shagon yana ware ƙusoshi da suka cakuɗe. Da ya hango ta ya saki baki.

"A'a, Malama! Lafiya da tsakar ranar nan?"

Shi kaɗai ya rage yana ce mata Malama. Yau ko wannan bai sanyaya mata rai ba.

"Lafiya lau. Wucewa na zo yi."

"Wucewa zuwa ina? Hanyar nan ai ba ta ɓullewa."

Ta buɗe rubutun ta ajiye wayar a kan kantar, a gabansa.

"Zancen Mako ne. A kan zaman gidan haya da haƙƙin maƙwabta. Duba min."

"To, in na koma gida zan..."

"Yanzu."

Ya dube ta, ya dubi wayar. Ya goge hannu a jikin riga ya ɗauka. Ta ja kujerar roba ta zauna inda za ta riƙa ganin fuskarsa. Idonsa na bin layi, leɓensa na ɗan motsi. Ya shafa allon sau ɗaya. Zuciyarta ta ɗan buɗe. Ko banza ai ya shafa.

"Salamu alaikum! Maigida, akwai kan famfo irin na jiya?"

Wani mai aikin famfo ne, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Yaya ta dubi maigidan. Ko zai ce ya jira?

Ko daƙiƙa bai ƙara ba. Ya ajiye wayar.

"Akwai, shigo. Ƙarami ko babba?"

To, wannan ta wuce. Ba ta kai a tsayar mata da ciniki ba. Ta haɗiye. Ai ba nan ne ma'aunin ba, ma'aunin na gaba.

Suka shiga lungu. Aka ɗauko wannan, aka ce ba shi ba. Aka ɗauko wancan, aka gwada a bututu. Mai famfo ya kawo labarin wani gida da ruwa ya ɓalle musu a bango, suka yi dariya. Ita dai idonta na kan wayar da ke kwance a kan kantar, haskenta na nan tukuna.

Mai famfo ya karɓi kayansa ya yi sallama.

Maigidan ya dawo bayan kanta.

Ya ɗauki tsumma ya goge ƙurar da kwalin kan famfon ya bari.

Ya jawo akwatin ƙusoshi, ya tsinci biyu da suka faɗi ya mayar.

Hasken wayar ya rage.

"Af, Malama, kin ce yaran nan yau da wuri za a tashe su ko? In aika a ɗauko su ne?"

Allon ya mutu.

Bai ko lura ba. Ya sha ruwa, ya rufe gorar. Sai da ya ji shirun ya yi yawa ya ɗago, ya ga inda take kallo. Nan da nan ya wawuri wayar ya miƙa mata da hannu biyu, yana murmushi.

"Ya yi kyau."

Ta karɓa. Ta kunna. Rubutun na nan inda ya bar shi, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai ci ba.

Shekara nawa tana cin wannan amsar tana ƙoshi? Hawaye suka taho, ta danne su da ƙarfi. Ba za ta yi kuka a tsakanin siminti da fenti ba.

"Na yi magana da Auta," ta ce.

Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

"Malama, ki bari in miki bayani..."

Wayar ta ɗauki ƙara a hannunta. Ta duba. Edita.

Ba ta ɗauka ba. Ta bar ta tana ruri har ta katse, sannan ta sake buɗe rubutun ta tura masa a kan kantar.

"Ba bayani nake so ba. Abin da kake ba ta nake so. Nuna min inda ka tsaya."

Ya sosa ƙeya.

"In nuna, kwana nawa za a yi ba a min magana?"

"Nuna."

"Malama..."

"Abban yara, ita ƙanwata ce, ni matarka. Ita kana faɗa mata gaskiya, ni kana lallaɓa ni kamar mara lafiya. Nuna."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya. Ta zaci zai taɓa inda allon ya tsaya. Sai ta ga yana mayar da rubutun baya, yana ja sama, sama, har farko. Ya ɗora yatsansa mai ƙurar siminti a kan jimla ta biyu.

"Gaskiya tun nan hankalina ya tafi. Sauran don kina kallona ne."

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a ƙarƙashin yatsansa. Edita ne dai.

Yaya ta zare ta a hankali. Ta goge ƙurar da ya bari a allon da bakin mayafinta, ta danna, ta kai kunne.

"Yayar Auta, tun ɗazu nake nema. Ina Zancen Makon?"

"Ranka ya daɗe, kafin wannan." Ta rufe ido. "Jimlar nan da ka kasa kai ƙarshenta da safe, ni zan iya ƙarasa maka ita da ka."